Ƴar MP3 ta jika shida da shagon tura waƙoƙin gitar a Tawa

Ni tela ne a Tawa, kuma tun ina yaron shago kiɗan gitar nake so. Ba mai taushin nan ba, a'a, mai ƙara da kaushi, wanda makaɗi zai danne tsirkiya ɗaya har sai ta yi kuka. Abu biyu zan faɗi ra'ayina a kansu, don tare suke tafiya: wata ƴar na'urar MP3 da na saya jika shida a kasuwa, da shagon bayan tasha inda nake kai katin memwar ana zuba mini waƙoƙi.

Wanda zai ce me ya hana in saurara a salula, to bai taɓa riƙe salular tela ana saura sati biyu Salla ba. Hotunan ɗinki sun cika ta, kowace hajiya ta turo samfuri biyar, kira kuma ba ya yankewa. Gitar ta fara hawa ke nan, sai ka ji "Malam tela, ina kayana?" Batir kuwa kafin azahar ya sauka, in an ɗauke wuta sai ka zaɓa tsakanin kiɗa da masu kawo aiki.

Na'urar tsawonta bai wuce santimita biyar ba. Baƙar roba ce, da maƙali a baya da nake kama wuyan riga da shi, da ɗan gilashi mai nuna layi biyu na rubutu. Ƙirar Sin ce, sunan da ke kwali daban da wanda ke jikinta, don haka ba wani suna da zan ba ku; a teburan masu sayar da caja da ekuter ake samun irinta. Ba ta da ma'aji a cikinta, sai ka sa mata kati. Maɓallanta biyar ne, na dannawa, kuma su ne suka fi burge ni. Hannu na kan yadi, ido na kan allura, da babban yatsa kawai nake tsallake waƙa ba tare da na duba ba.

In na cika ta da dare, tana kai ni daga buɗe shago har la'asar, matuƙar da ekuter mai waya nake ji. In na kunna Bluetooth na haɗa ta da lasifikar fadarmu, rabin haka ma da ƙyar. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, kada a manta ta a rana ko cikin akwatin babur, don irin batirin nan ba ya shiri da zafi, kumbura yake yi ya daina riƙe caji. Ekuter ɗin da ke zuwa cikin kwalin ku ba yara su yi wasa da shi. Babu bas ko kaɗan, gitar ta zama tsiwa zalla mai sa ciwon kai. Na ƙara jika biyu na sayi mai roba a baki wanda ke toshe kunne, nan take ganguna suka fito, ƙarar keken ɗinki ta ja baya. Akwai rediyon FM, amma wayar ekuter ce eriyarta, in ka cire ta shiru.

Aibinta uku ne, na ƙarshen ya fi ci mini rai. Katin da ya wuce giga 32 ba ta gane shi sai an sake tsara shi a kwamfuta. In waƙa doguwa ce ka kashe a tsakiya, daga farko za ta dawo da kai. Sannan saƙon murya na WhatsApp, wanda ke zuwa da tsarin opus, ba ta buɗe shi sam. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne, domin yawancin sababbin makaɗan gitar na ƙasar nan ta wannan hanya ake fara jin su: wani ya ɗaga salula a wurin biki ya ɗauka, ya tura wa ɗan'uwansa a Libiya ko Abijan, daga can ta zagayo gida. Dole sai an juya ta zuwa MP3 kafin na'urar ta karɓa, kuma a nan ne shagon ya shigo.

Shagon ba wani abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce, tebur ɗaya, tsohuwar kwamfuta, faifan rana a saman rufi, da katako mai ramukan caji da salulolin matafiya suka cika. Mai shi saurayi ne da ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Yawancin cinikinsa fina-finan Kano ne da na Indiya, da wa'azi, da waƙoƙin ƴan kokowa. Dala ɗari yake karɓa ya zuba maka giga biyu na abin da ka zaɓa. Amma yana da wani babban kundi a kwamfutar da ya raɗa wa suna "gitar", kuma saboda shi nake zuwa. Da yake bakin tasha yake, direbobin hanyar Abalak da Cintabaraden da Agadas duk wurinsa suke caji, shi kuma ba ya barin salula ta fita bai roƙi mai ita ya kwashi abin da ke ciki ba. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, nan yake samun kaya mafi yawa.

Da ya hango ni sai ya fara murmushi. "Kawu, wanga ba ka taɓa jin shi ba. Bikin Abalak na, shekaranjiya wani direba ya kawo shi." Ya miƙo mini ekuter ɗinsa, in ji minti ɗaya, in na gyaɗa kai ya tura. Ya san ba na son wanda aka cika wa injin gyaran murya, ya san ina son mai ganguna na gaske. Na gwada manhajojin sauraren kiɗa na intanet, mega suke sha, kuma in ka saurari makaɗin Agadas ɗaya sai su yi ta jero maka shahararrun nan da kowa ya sani. Yaron nan kuwa abin da bai kai intanet ba tukuna yake ba ni.

Kada a raina wannan hanya, don ita ta fitar da ɗan jiharmu duniya. Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa gitar da hannun hagu, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma ba a shagunan faifai ya yaɗu ba, daga salula zuwa salula ya yi ta tafiya. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga katunan mutane a Kidal ta ƙasar Mali, ya fitar da wasunsu a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, har da ta Mdou a ciki, bayan ya sha wahalar gano mai ita. Shekara goma bayan haka, a 2021, sai ga kundin Mdou ya fito daga Matador, kamfanin birnin New York da aka sani da ƙungiyoyin rok na gefe, waɗanda ba su bi layin manyan gidajen rediyo ba, irin su Pavement da Yo La Tengo. Haka Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye a yankin Abalak, da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta, suka haɗa gitar da kiɗan tende na mata, kundinsu na farko ya fita a 2016. Etran de L'Aïr na Agadas tun 1995 suke kiɗan bukukuwa, amma sai 2018 ƙasashen waje suka samu faifansu. A 2020 ma kamfanin na Kirkley ya yi ta fitar da waƙoƙin da makaɗa suka ɗauka da salula suka tura masa ta WhatsApp. Wato abin da matashi a Amurka ko Faransa ke alfahari ya gano kafin abokansa, mu nan dala ɗari muke biya mu ji shi shekaru kafin ya haye teku.

Abin da ya fi daɗi a kundin "gitar" na shagon shi ne ɗaukar bukukuwa. Akwai wata da nake maimaitawa, tsawonta ya kusa minti goma sha huɗu. Da farko ba ka jin komai sai rurin injin wuta da wani yana gwada makirfo. Gitar ɗaya ta shigo da ɗan zagaye na sauti huɗu ko biyar, ta yi ta maimaita shi, ta biyu ta hau kanta tana yi mata ado. Mai ganguna ya fara a hankali kamar ba ya so. Sai wajen minti na shida ya ƙara sauri, tafi ya biyo, mata suka saki guɗa, lasifikar ta fara tsagewa saboda an buɗe ta fiye da ƙarfinta, kuma wannan tsagewar ce ke ba gitar kaushin da makaɗan waje ke kashe kuɗi su sayi na'ura don su samu. Daga nan mai gitar ya bar zagayen ya shiga gudu, sama da ƙasa, har ka ce yanzu zai ɓata, sai ya faɗo daidai kan bugun. Ba na jin Tamajak, harshen Abzinawa, sosai, kalma nan kalma can, amma ban taɓa jin wannan ya rage mini komai ba. Akwai wata ƙungiyar kuma da nake zaton ƴan Yamai ne, don suna haɗa Hausa da Zabarmanci, kiɗansu da sauri da yawan juyi, ka ji tasirin Tal National, sananniyar ƙungiyar kiɗa ta Yamai, a hannunsu, sai dai gitar tasu ta fi datti. Akwai wata ta mace da gitar marar wuta, ita kaɗai da mai tafi.

To su wane ne? Nan ne babban laifin shagon. Babu suna. Waƙar da na ba ku labarinta, a gilashin na'urata "AUD" take nunawa da jerin lambobi. Wasu an rubuta "gitar sabo 2", wasu sunan garin kawai. Mafi muni, duk abin da ya yi daɗi sai a liƙa masa sunan Bombino, shahararren makaɗin gitar na Agadas, ko Mdou, ko da kunne ya shaida ba hannunsu ba ne. Na ce masa, "Ƙanena, in direba ya kawo, ka tambaye shi sunan makaɗin mana, ka rubuta." Ya ce, "Kawu, shi ma bai sani ba, tura mishi anka yi." Wani lokacin gaskiyarsa ce, wani lokacin ƙyuya ce. Yaron da ya kwana yana kiɗa a biki, waƙarsa ta kai Tawa ta kai Ƙonni, ba sisi ba suna. Kuɗin dai na san ba za su kai gare shi ta wannan hanya ba, amma suna shi ke kawo gayyatar biki na gaba, kuma rubuta shi ba ya cin ko dala.

Na biyu, ingancin sauti. MP3 da aka matse a kan 128 (lambar ingancin sauti ce, in ta ƙaru sauti ya ƙara kyau, waƙa ta ƙara cin wuri), minti ɗaya kusan mega ɗaya yake ci, don haka katin giga 8 zai ɗauki waƙoƙi wajen 2000 masu minti huɗu. A kan 320, minti ɗaya ya kusa mega biyu da rabi. Shi mai shagon so yake ya ce maka ya zuba dubu, sai ya ƙara matse abin da an riga an matse. Waƙar da ta bi salula biyar sannan aka sake matse ta, shayi na uku ce, launi yana nan ƙarfi ya tafi. Gitar mai kaushi da faranten ganguna su ne suka fi shan wahala, sai ka ji suna wani shuu kamar a ƙarƙashin ruwa. Ku ce masa ya bar ta yadda ta zo, ko ya juya a kan 192 zuwa sama. Yana yi in an faɗa, yana ɗan ɓata rai.

Rok na ƙasashen waje kuwa kada ku sa rai. Akwai ƴan tsofaffi, Jimi Hendrix, Dire Straits da Abzinawa ke ƙauna, da Nirvana guda biyu da ban san yadda suka ɓato nan ba. Sababbin ƙungiyoyin Ingila ko Amurka babu ko ɗaya. Wanda ke neman su sai ya sayi mega ya shiga shafin waƙoƙi na Bandcamp ko YouTube, ya bi sunayen kamfanoni irin Matador ya ga su wa suka ɗauka kwanan nan. Ɗan yayata da ke jami'a shi ke yi mini wannan, ni kuma in ba shi na Abalak.

Katin kuma ku zo da naku. Waɗanda ake sayarwa da araha a tebura, an rubuta giga 64, da yawansu jabu ne: kwamfuta za ta nuna girman, a yi ta zubawa, ka je gida ka tarar rabin waƙoƙin ba sa buɗewa. Na giga 8 ko 16 na gaske ya fi. Kafin ku bar rumfar, ku sa katin cikin na'urar ku gwada waƙar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe. Kuma kada ku ba da katin da ke da hotunan iyali, kwamfutar kowa na sa nasa a ciki, ƙwayar cuta ba ta rasa ta.

Na'urar ta ci kuɗinta ga tela, mai gadi, mai shago, da duk wanda hannunsa ke aiki kuma salularsa ta neman abinci ce. Ga mai kabu-kabu ban ba da shawara ba, kunne biyu a toshe a kan titi ba dabara ba ce. Ku lissafa jika shida na na'ura, biyu na ekuter, da kuɗin kati mai kyau. Shagon kuma ku je da yammacin Lahadi ko safiyar Litinin, lokacin kayan arewa sun shigo, ku ce a buɗe muku kundin "gitar" a jera shi bisa kwanan wata, sababbi a sama.