Bas ɗin safe daga Sakkwato zuwa Zariya, da ranar da aka hana wani fasinja shiga da bindiga

Daga ƙaramar Sallar bara zuwa yanzu na yi tafiya sau huɗu tsakanin Sakkwato da Zariya a motocin wani kamfanin sufuri mai zaman kansa, ina kai mahaifiyata ganin likita. Tafiya ce ta kusan kilomita 400, wadda take bi ta Dange da Tureta, ta shiga Zamfara ta Talata Mafara da Maru da Bungudu har Gusau, sannan ta miƙe Tsafe da Funtuwa. Duk wanda ya san wannan hanya ya san cewa kafin matafiyi ya tambayi kuɗin mota, abin da yake fara tambaya shi ne ko hanya lafiya, kuma da wannan ma'auni zan auna kamfanin, domin laushin kujera da sanyin iska ba su ne suka sa na zaɓe shi ba.

Motocinsu bas ne masu ɗaukar mutum 18, kuma ba a ƙara kowa a kan adadin kujeru, saɓanin ƙananan motocin haya da ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Kuɗinsu ya ɗara na tasha, amma ana ba da tikiti, ana rubuta sunan kowane fasinja da lambar wayar wani ɗan'uwansa a rajista. Sau uku cikin huɗu mun tashi kafin ƙarfe bakwai da rabi na safe, muka isa Zariya da sauran rana. Ma'aikatan sun girmama Inna ƙwarai, suka ba ta kujerar da ke kusa da ƙofa ba tare da na roƙa ba.

Abin da ya bambanta su da sauran masu lodi shi ne binciken kaya. Kafin a ɗora kowace jaka sai an buɗe ta, kuma akwai sanarwa a manne kusa da wurin yankan tikiti cewa ba a shiga mota da makami kowane iri. A tafiyarmu ta uku na ga yadda wannan doka take aiki a zahiri. Wani dattijo mai fataucin albasa ya zo da wani dogon abu a naɗe cikin buhu, kuma da mai bincike ya warware sai ga bindiga mai baki biyu, irin ta farauta. Dattijon bai ɓoye komai ba, ya zaro takardar lasisi daga aljihu ya miƙa, ya ce shi mutum ne mai bin doka, kuma an taɓa tare su a hanya an tafi da ƙanensa, sai da suka sayar da gona suka fanso shi.

Mai binciken, wanda bai wuce sa'an ɗan dattijon ba, ya rusuna ya ce: “Baba, ka yi haƙuri, ba mu ce takardarka ba ta da kyau ba. Dokar da anka ba mu ita ce ba ta shiga mota, ko ta wa ce. In ka yarda a kira wani daga gida shi amshe ta, mu jira ka, in kuma ba ka yarda ba a maido maka kuɗinka cif.” Dattijon ya karɓi kuɗinsa ya tafi ransa a ɓace. Ba a ɗaga masa murya ba, ba a kira masa 'yan sanda ba, ba a kuma tozarta shi a gaban jama'a ba, kuma na yaba wa kamfanin a kan wannan.

Tun daga Shuni har muka wuce Tureta ba a yi wata magana a motar ba sai wannan. Fiye da rabin fasinjojin sun ga cewa an zalunci dattijon, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Wani matashi ya tuna mana watan Disamba na 2021, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar fasinja a kusa da Gidan Bawa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka banka mata wuta da mutane a ciki, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. Wani ya kawo harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya sa aka dakatar da jirgin har zuwa Disamban shekarar. Wani malami kuma ya jawo hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Sun ƙara da cewa ba su ne suka fara wannan magana ta mutane su riƙe makami su kare kansu ba, tun da gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Masari, ya faɗe ta a 2021, kuma a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, ko da yake babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin yin haka.

Na saurare su da zuciya ɗaya, domin ni ma ina da dangi a gabashin jihar Sakkwato waɗanda suka bar gonakinsu suka dawo cikin gari. Duk da haka ra'ayina shi ne kamfanin ya yi daidai, kuma dalilina na farko yana cikin dokar da dattijon ya dogara da ita. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi a Najeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Manyan makaman yaƙi da bindigogi masu sarrafa kansu, har da ƙananan bindigogin hannu irin fistol, ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan sha'anin bindigar toka yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ma'anar wannan ita ce, abin da talaka mai bin doka zai iya riƙewa bai wuce doguwar bindigar farauta ba, alhali waɗanda suke tare hanya suna fitowa a kan babura da yawa, kowannensu da AK-47 mai cin harsashi 30 a gida ɗaya.

Na dubi yadda muke zaune a motar, gwiwa na gugar gwiwa, jaka a kan cinya, wata mata da goyo a bayana, Inna a gefena tana jan carbi, na rasa ta inda mutum zai juya doguwar bindiga ya saita ta ta taga ba tare da bakinta ya ratsa ta kan mutum uku ba. Idan ya harba sau biyu, amsar da za ta dawo ba a kansa kaɗai za ta sauka ba, a kan jikin motar gaba ɗaya za ta sauka, kuma gwangwanin bas ba ya tare harsashi. Mutumin da ya yanke shawarar yin faɗa a ƙofar gidansa ya yanke wa kansa ne, amma wanda ya buɗe wuta daga cikin motar haya ya yanke wa mutum 17 da ba su ba shi wannan izini ba. Na tuna wa malamin ɗaya hadisin, wanda aka umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani Musulmi rauni, kuma ban ga inda cunkoson kasuwa ya fi na bas mai cike da fasinja ba.

Akwai kuma matsalar tantancewa, wadda a ganina ita ce mafi girma. Yaron da ke binciken kaya ba shi da hanyar da zai gane lasisin gaskiya daga na jabu, kuma dokar da kanta ta hana ba da lasisi ga mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka samu da laifin tayar da hankali a cikin shekara biyar da suka wuce, abubuwan da ba a karanta su a fuskar mutum a bakin tasha. Da zarar an ce mai takarda ya shiga da tasa, an buɗe ƙofa ga masu safarar makamai zuwa daji da masu kai wa ɓarayi rahoto, waɗanda su ma da shigar mutanen kirki suke yawo. A shingayen bincike kuma, waɗanda ba su da iyaka a wannan hanya, bindiga ɗaya a mota ta isa ta sa a sauke kowa a riƙe mu sa'o'i, har dare ya riske mu a inda ake gudun ya riski mutum. Ko a Amurka, inda tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kamfanin jiragen ƙasa na Amtrak ba ya barin fasinja ya zauna da bindiga a kujerarsa, sai dai a cire harsashi, a kulle ta a akwati, a sa ta a ɗakin kaya bayan an sanar da su tun kafin ranar tafiya.

Sai dai kamfanin da ya hana fasinja shiga da makaminsa ya ɗauki amana mai nauyi, kuma a nan ne na same su da gazawa. Wani ɓangare na amanar suna sauke shi yadda ya kamata, domin na ga direbanmu yana buga waya ga abokan aikinsa da suka riga mu wucewa kafin ya shiga tsakanin Tsafe da Funtuwa, kuma akwai ranar da ya tsaya a Gusau kusan sa'a guda har sai da motocin da ke zuwa daga gaba suka fara ɓullowa. Wannan sanin hanya ya fi mini bindiga goma amfani. Amma a tafiya ta huɗu ba mu tashi ba sai bayan ƙarfe goma, saboda ana jiran kujeru uku su cika, kuma da aka gaji da jira aka tashi da su a haka. Bayan mun wuce Talata Mafara sai direban ya tsaya a bakin titi ya ɗauki mutum biyu da buhunansu, ba a buɗe buhu ko ɗaya ba, ba a rubuta sunansu a rajista ba, kuɗin kuma ya shiga aljihunsa. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce mini: “Malam, mutanena ne, na san su.” Wataƙila ya san su, amma dattijon da aka mayar gida da lasisinsa a hannu shi ma yana da waɗanda suka san shi, kuma binciken da ake yi a tasha ba shi da wata ma'ana muddin lodin hanya yana shiga ba bincike.

Wani gyaran da suke buƙata shi ne ɗaukar mace a cikin masu bincike. Inna ba ta ji daɗin yadda namiji ya zazzage mata jakar tufafinta a bainar jama'a ba, kuma na lura cewa saboda kunya wasu jakunkunan mata ana wuce su ne kawai ba a duba ba, wanda shi ma wata kafa ce.

Da muka dawo na je ofishinsu na shigar da ƙorafi a kan lodin hanyar da kuma jinkirin tashi. Manajan ya saurare ni, ya rubuta ranar da lambar motar, ya ce za a bincika. Likita ya sake ba Inna rana a watan gobe, kuma da motarsu za mu koma, domin har yanzu ban ga waɗanda suka fi su tsari a wannan layi ba. Na dai riga na shaida wa mai yankan tikiti cewa kujerun motar farko nake so, kuma idan ƙarfe takwas ta yi ba a tashi ba, za mu karɓi kuɗinmu mu jira washegari.