Pachinko da Homegoing: ba ciwo ɗaya ke damunsu ba

'Yar uwa da kika ce kin gama karanta littafin Pachinko da zuciya biyu, farkonsa ya tafi da ke ƙarshensa ya gundure ki, kina tambaya ko Homegoing ma haka yake, to kowanne da nasa aibin gaskiya.

Shi Pachinko na Min Jin Lee, na 2017, zuri'a huɗu ya bi daga 1910 zuwa 1989. Abin da ya kama ki ai Sunja ce, kin san ta tun tana budurwa a Yeongdo ta ƙasar Koriya, wani attajiri Hansu ya yi mata ciki, fasto Isak ya rufa mata asiri ya aure ta suka tafi Osaka, ga wulaƙancin da 'yan Koriya ke sha a Japan, da aka kama mijin ta fita kasuwa tana sayar da kimchi, wani abincin 'yan Koriya, don yara su ci. Kin riga kin zama 'yar gida. Sai kashi na uku ya zo a guje, ana ta cuso sababbin mutane, Sunja ta koma gefe, aka bar mu da jikanta Solomon da aikin bankinsa a Tokyo, wa ya damu da shi fisabilillahi. Abin da ya sami Noa, ɗan Sunja na fari, ma a layi ɗaya aka faɗa aka wuce, wasu na cewa gwaninta ce, ni dai haushi na ji.

Homegoing na Yaa Gyasi, na 2016, shi tun farko bai ma bari ki shaƙu da kowa. Babi 14, kowane babi da mutuminsa. Effia da Esi uwarsu ɗaya amma ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya na auren Bature a saman ganuwar Cape Coast, ɗayar na kurkukun ƙasan ginin ana jiran jirgin bayi. Daga nan ana karɓa-karɓa tsakanin Gana da Amurka har zuri'a bakwai. Kina fara son mutum an rufe babinsa, kamar wani mai suna H da aka tura haƙar kwal a Alabama, shi kaɗai ya isa littafi guda.

In rabuwa da Sunja ce ta ɓata miki rai, Homegoing zai yi miki haka sau da yawa, sai dai a taƙaice. In kuma jan labari ne ya gajiyar da ke, ki ɗauke shi, ya fi gajarta kuma bai yi sanyi a ƙarshe kamar wancan ba. Ki dai riƙa leƙa jadawalin zuri'ar da ke farkon littafin, in ba haka ba sunaye za su rikice miki.