Gidan abincin da muka yi wa oganmu walimar bankwana a Nasarawa GRA

Tun da aka ce ni zan nemo wurin da za a yi wa oganmu walimar bankwana hankalina bai kwanta ba, mutumin nan shekara 35 ya yi yana aiki kafin ya yi ritaya, kuma babu wanda bai taɓa taimaka wa ba a ofishin nan, ba zai yiwu a tara masa mutane a miƙa musu shinkafa a roba a ce an gama ba. Da farko hol ɗin biki aka so kamawa amma mu 46 ne duka-duka, hol kuwa ka biya kuɗin wuri daban, mai girki daban, mai kwalliya daban, ga wurin ya yi mana yawa. Shi ya sa na ce gara gidan abinci mai keɓantaccen ɗaki.

Wuri huɗu na zaga. Na Zoo Road abincinsu ba laifi amma babu wurin fakin, da yamma kuma kun san yadda titin yake cika da adaidaita. Na Bompai na 'yan Labanan ne, shawarma da gasasshiyar kazarsu ba a magana, sai dai dattawan ofishinmu in babu tuwo kamar ba a ci abinci ba ne. Daga ƙarshe na tsaya a kan wani a Nasarawa GRA, ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai ƙorafin da zan yi.

Abin da na fara tambayar manaja kafin ma maganar abinci shi ne ina ake sallah. Taro ne na bayan la'asar, a Disamba kuma shida da 'yan mintuna magariba ta yi a Kano, in babu wurin sallah mutane za su watse neman masallaci kuma wallahi rabi ba za su dawo ba. Ya zagaya da ni baya, ga ɗan masallaci da famfunan alwala da butoci, ga wani ɗaki an shimfiɗa dardumai na mata. Nan take na ba da kafin alƙalami. Kuma hakan ne ya cece mu, minti 20 kowa ya idar ya dawo kujerarsa aka ci gaba da jawabai.

Abinci kuwa sai godiya. Bufe suka yi mana, tuwon shinkafa da miyar taushe wadda ta ji kabewa da gyaɗa da tantaƙwashi, masa da sinasir da zafinsu domin a nan bayan kicin wata baiwar Allah take suya ana kawowa, ba irin wadda ake soyawa tun safe a rufe a kula ta yi gumi ba. Akwai jallof, akwai farfesun kayan ciki, sannan sakwara da miyar agushi saboda abokan aikinmu 'yan kudu, na ji daɗin wannan sosai don ban so wani ya zauna yana tsakurar abin da bai saba ba a taron da shi ma ya sa kuɗinsa. Zoɓon ya ji citta da kanumfari daidai sanyin hunturu. Kunun ayan ne kawai ya ɗan fara tsami, shi dama ba ya jure jira, da na faɗa wa weta ya ɗauke babu musu ya ƙaro zoɓo.

To ga inda raina ya ɓaci. Farashin da muka yi da baki kuɗin kowane mutum ne, na lissafa na kai wa kwamiti aka tara daidai. Da aka kawo takardar biya sai ga harajin VAT na gwamnati kashi 7.5, ga kuɗin hidima kashi 10 a kai. VAT ɗin doka ce, tun 2020 aka ɗaga shi daga kashi 5, ban yi jayayya da shi ba, amma a faɗa min mana tun ranar farko! Wanda ya yi kasafin miliyan 1 zai tarar da ƙarin dubu 175 a daren da kowa ya riga ya ci ya tafi. Na ce wa manajan yallaɓai ba haka muka yi ba, ya ce Hajiya ai kowa ya san da shi. Ni dai ban sani ba, kuma amanar kuɗin mutane ce a hannuna. Duk wanda zai kama irin wurin nan ya sa a rubuta masa jimla ta ƙarshe har da haraji a sa hannu, a kuma rubuta ko za a caje shi in ya shigo da kek ko lemo daga waje.

Sai maganar wuta. Tsakiyar jawabin oga aka ɗauke, kafin janareta ya tashi ya kai minti uku, da ya tashi kuma lasifika ta ƙi, haka bawan Allah ya ƙarasa da muryarsa, na baya ba su ji inda yake neman yafiyar kowa ba, kuma wannan ne wurin da ya fi taɓa zuciya. Ya kamata wuri irin wannan ya sa inbata ko da ta fitilu da lasifika ce kawai.

Abu ɗaya da suka yi ya wanke min zuciya, direbobi da masu gadi ba sa cikin lissafin 46 ɗin, suna waje cikin sanyi tun la'asar. Ban roƙa ba, sai ga manajan ya sa an zuba ragowar abincin a robobi an kai musu har da nama, ya kuma haɗa wa oga kula guda ta masa da miya ya tafi wa iyali da ita.