Hijabin wasanni na 'yan mata: ya cancanci saye, amma a auna kai tukuna

Yarinyar da ke buga ƙwallo da mayafi na yau da kullum aiki biyu take yi a lokaci ɗaya: ƙafa na bin ƙwallo, hannu na kan kai yana gyaran ɗauri. Wannan matsalar ce hijabin wasanni ya zo ya magance. Guda ɗaya ne da ake zurawa ta kai, ba fil, ba ƙulli, an ɗinka shi da yadin foliyesta mai ƙananan huda-huda da aka gauraya da zaren roba. Kamfanin Nike ya sa ya yi suna da ya fitar da nasa a ƙarshen 2017, amma tun kafin nan akwai ƙananan kamfanoni da ke yin sa, yanzu kuwa sun yi yawa. Hukuncina a taƙaice: abu ne mai amfani ƙwarai, sai dai girma da launi sun fi sunan kamfani muhimmanci.

A fara da doka, domin nan ne iyaye suka fi yin asarar kuɗi. FIFA ta hana rufe kai a 2007, sannan hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta ba da damar gwaji a 2012, ta halasta shi gaba ɗaya a 2014. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manyan mata da hijabi. Doka ta 4 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta gindaya sharuɗɗa: ya zama baƙi ko launin rigar ƙungiya, 'yan ƙungiya ɗaya su sa launi ɗaya, kada a haɗe shi da riga, kada ya kasance da wani abin ɓallewa a wuya da zai iya jawo rauni, kuma kada wani sashe ya yi tsini waje. Don haka irin wanda ake ɗinkewa haɗe da riga, duk kyawunsa, alƙalin wasa na iya mayar da shi. A tambayi koci launin da aka tsayar kafin a biya. Haka nan dokar ta hana sa 'yan kunne a filin wasa ko da hijabi ya rufe su, kuma liƙa musu filasta bai halasta su ba. Ƙasa ma na iya samun nata tsarin: a Faransa hukumar ƙwallon ƙafa ta hana shi a gasanninta.

Sai girma. Wasu manyan kamfanoni girma biyu kawai suke yi, ƙarami da babba, kuma da kan manyan mata aka auna su. Ƙaramin ma yakan yi wa 'yar shekara 8 yawa. A samu tef ɗin awo irin na tela, a zagaya shi ta saman gira, ta saman kunnuwa, zuwa ƙeya, da gashin a ɗaure yadda za ta shiga fili da shi. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Kan da aka auna da kitso kwance ba ɗaya yake da kan da aka tufke gashinsa ba. Idan an kawo, a gwada shi a gida kafin a cire tambarin: yatsu biyu su shiga ƙarƙashin haɓa ba tare da dole ba, ta juya kai hagu da dama da sauri, ta yi tsalle sau goma, a jefa mata ƙwallo ta sa kai. In bakin hijabin ya gangaro kan gira, ya yi yawa, kuma a fili zai rufe mata gefen ido, ba za ta ga mai zuwa ta gefe ba. In ya bar jan layi a goshi bayan minti goma, ya yi kaɗan, ciwon kai ne zai biyo baya. Gashi a tufke shi ƙasa, daidai ƙeya. Tufka a tsakiyar kai tana ture yadin baya har gaban goshi ya buɗe.

Wajen zufa kuwa ba a haɗa shi da auduga. Auduga na shanye ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne a wuya. Foliyesta ba ya shan ruwa sosai, yana tura zufa waje ta bushe. Amma baƙi na ɗaukar zafin rana, fari kuma in ya jiƙe yakan nuna gashi, musamman mai falle ɗaya. A miƙar da yadin a kan tafin hannu a gaban fitila: in ana ganin layukan hannu, za a ga gashi. Ƙaramar hula a ciki na maganin wannan, sai dai tana ƙara zafi, ni dai gara a nemi launi mai ɗan duhu in ƙungiya ta yarda.

Babban aibinsa wari. Foliyesta na riƙe maiƙon jiki da man gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, in ya kwana a jaka tare da takalma sai an toshe hanci. A wanke shi duk bayan wasa da ruwan da bai wuce zafin digiri 30 ba, da sabulu kaɗan. Ban da ruwan tausasa tufafi, yana toshe hudar yadin. Ban da bilic, ban da guga, ban da na'urar busarwa, duk suna kashe robar. A shanya a inuwa. In warin ya kama, a jiƙa shi rabin awa cikin ruwa lita huɗu da rabin kofin ruwan khal, sannan a wanke. A na'urar wanki kada a haɗa shi da abin kare ƙwauri, madaurinsa mai ƙananan ƙayoyi da ke mannewa (Velcro) yana fizgar zaren. Mai atisaye sau uku a mako tana bukatar guda biyu aƙalla.

Wani abu da masu tallarsa ba sa faɗa: wannan ba hijabin salla ba ne. Kai da wuya yake rufewa, bayansa na da ɗan tsawo don a cusa cikin riga, amma ba ya sauka kan ƙirji. Gasar yara kuma takan cinye yini, Azahar da La'asar su riske su a fili. A ajiye babban hijabi mara nauyi da ƙaramar darduma a aljihun jaka na daban, nesa da takalma. Zufa ba najasa ba ce, ba sai ta sauya na cikin ba, ta ɗora babban a kai kawai. Alwala ce ke ɗan ba da wahala, domin matsewarsa ba ta barin hannu ya shiga shafar kai sai an cire shi, kuma mayar da jiƙaƙƙe a kan gashi mai laima ba daɗi. Mafi sauƙi ta yi alwala kafin ta sa, in ta karye a nemi ɗakin sauya kaya. Da zarar bakin fuskar ya fara yin lanƙwashe-lanƙwashe kuma bai koma yadda yake bayan wanki ba, robar ta mutu, a sauya shi ko da yadin bai yage ba.