Injin Yankan Ƙarfe na Filazma: Wanda Za Ka Ɗauka da Wanda Za Ka Bari

Injin filazma iska yake hurawa ta wani ɗan tsukakken rami, lantarki ya mayar da ita harshen wuta mai zafin da ya kai digiri 20,000, ƙarfe ya narke, iskar ta ture narkakken. Duk ƙarfen da lantarki ke bi yana yanka shi: baƙin ƙarfe, wanda ba ya tsatsa, alminiyom, jan ƙarfe. Yankan gas kuwa a baƙin ƙarfe ya tsaya.

Ga mai walda da yawancin aikinsa bai wuce kaurin milimita 12 ba, babu kamar inji mai amf 40 zuwa 45, mai kunna wutarsa tun kafin bakin ya taɓa ƙarfe, wato wanda ake rubuta wa pilot arc. A cikinsu ma ka nemi irin da iska ke tayarwa: ilaktirod, ƙarfen da ke fitar da wutar, na manne da nozul, bakin mai ɗan ramin, kana danna kunama iska ta tura shi baya, tartsatsi ya tashi a tsakaninsu. Ƙarfe mai tsatsa, mai fenti, ko raga mai ramuka, duk yana ratsawa ba tare da wuta ta ƙi kamawa ba. Kuma ba ya watsa tartsatsin HF (wanda wasu injuna ke tayar da wuta da shi) mai rikita kwamfuta, don haka ranar da ka sayi teburin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafa yankansa, ba sai ka sake inji ba.

Wanda sai an goga bakinsa a ƙarfe yake kamawa, arha ce kawai ke sayar da shi. Mai kwamfureso a ciki yana da daɗin ɗauka, amma da wuya ya wuce amf 30. Na uku-a-ɗaya, mai walda iri biyu da yanka, in allon lantarkinsa na ciki ya ƙone sana'a uku ta tsaya rana guda.

Sai batun algus, wanda shi ne ya fi cin mutane. Lambar da aka zana da manyan baƙaƙe a jikin inji ba shaida ba ce. Juya bayansa ka karanta ƙaramin allon bayanai. Inji mai ba da amf 50 na gaskiya, a kan bolt kusan 100 na harshen wutar, kilowat 5 yake fitarwa, ga kuma asarar da ke tafiya a zafi. A wutar bolt 230 sai ya ja fiye da amf 25. In ka ga an rubuta 50 amma filoginsa na amf 13 ne da siririyar waya, lissafin bai fita ba. Ko 35 zai yi wuya ya ba ka.

Kaurin yanka ma baki biyu gare shi. Akwai yanka mai tsabta, akwai kuma iyakar abin da inji zai iya rabawa da ƙyar, yana jan ƙafa, ya bar maka kashin maƙera da sai giranda ta sha wahala. Mai talla na biyun yake faɗa. Kai na farkon za ka tambaya.

Haka juriyar aiki. Kashi 60 na nufin minti 6 na yanka, minti 4 na hutu, a cikin kowane minti 10. Ƙa'idar duniya ta injunan walda, IEC 60974-1, a zafin digiri 40 take gwadawa. Wasu a ɗaki mai sanyi suke gwada nasu don lambar ta yi kyau, wasu ma ba sa faɗin amf nawa aka yi gwajin. Kashi 60 a amf 30 daban yake da kashi 60 a amf 45.

Kafin ka biya, tambayi sunan hannun yankan, ka tabbatar ana samun nozul da ilaktirod ɗinsa. Inji mai kyau da babu kayan canjinsa ajiya ne. A tsakiyar bakin ilaktirod akwai ɗan ɗigon ƙarfen hafniyom. Shi ke cinyewa, kuma in raminsa ya kai zurfin milimita 1 zuwa 1.5 a canza ilaktirod ɗin tare da nozul. Na jabu nan da nan yake zurmawa, wutar ta koma koriya saboda jan ƙarfe ne ke ci, daga nan sai ta huda nozul, wani lokaci har hannun gaba ɗaya. Duba ramin nozul a haske: in bai yi da'ira cif ba, yanka zai karkace komai ƙwarewar hannunka.

Ba kullum laifin kayan ba ne dai. Danshi a cikin iska yana kashe na asali kamar yadda yake kashe na jabu. Injin amf 45 na iya neman lita 190 a minti, a matsin iska na bar 6, don haka kwamfureso ya fi haka da kamar rabi, in ba haka ba matsi zai faɗi ana tsakiyar yanka. Sa matatar ruwa kusa da injin, ba a bakin tanki ba, domin iska sai ta huce a cikin tiyo take zubar da ruwanta. Tankin kuma a buɗe ƙasansa a tsiyaye shi kowace rana bayan an tashi aiki.