Toyota HiAce a matsayin motar tafi-da-gidanka: ta dace da tafiyar iyali daga Abuja zuwa Yankari?

Motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a cikinta, irin wadda Turawa ke yawon jihohi da ita a Amurka, da wuya ka ganta a titunan Najeriya, kuma ko ka shigo da ita daga waje ranar da ta lalace za ka rasa mai taɓa ta. Shi ya sa wasu magidanta a Abuja da Jos masu son irin wannan tafiya suke komawa ga Toyota HiAce, wadda direbobi ke kira Homa, su cire wasu kujeru su gyara cikinta. Motar ta cancanci yabon da ake mata, amma ta fi kyau a matsayin falo da rumbun abinci na rana fiye da ɗakin kwana, kuma kuɗin da mutane ke zubawa a gado da labule ya fi amfani in an kai shi lagireto da birki da taya.

Ƙirar da ake magana ita ce wadda ta fara fitowa a 2004, doguwa mai dogon rufi. Tsawonta mita 5.38, faɗinta 1.88, tsayinta ya kusa mita 2.3, tankinta na cin lita 70. A ciki faɗin bai wuce kimanin mita 1.7 ba, tsayi kuma wajen 1.6. Ma'ana dogon mutum ba zai kwanta a gicciye ba sai a tsaye da tsawon motar, kuma babba ba zai miƙe sosai ba, a sunkuye zai riƙa zirga-zirga. Ga iyali mai mutum shida, idan aka bar layin gaba da layi biyu na kujeru aka cire sauran, ana samun fili a baya da zai ɗauki katifa ɗaya a kan dandamalin katako, ƙarƙashinta kuma jakunkuna da jarkoki. Uwa da ƙananan yara biyu za su kwanta. Sauran fa? Kujera. Wannan ita ce gaskiyar girmanta.

Wajen zaɓen inji, mai fetur ɗin 2.7 shi ne ya fi sauƙin zama da shi. Sarƙa ce ke daidaita masa lokacin buɗe bawul, wato tayimin, ba bel ba, kowane bakanike a Apo ta Abuja ko Farin Gada ta Jos ya san shi, kuma kayansa ba sa wuyar samu har a Bauchi. Aibinsa shan mai. Da kaya da iyali da na'urar sanyaya mota a kunne, ka yi lissafin kilomita bakwai zuwa takwas a lita guda, kada ka sa rai da fiye da haka. Masu dizal na 2.5 da 3.0 sun fi ƙarfin hawa kuma sun fi tsimin mai, sai dai ba sa yafe gurɓataccen mai, kuma bel ɗin tayimin ɗinsu na da wa'adi. In mai sayarwa ba shi da shaidar ranar da aka canza shi, ka canza kafin ka fita. Abu ɗaya da bai kamata a yi ciniki a kansa ba: motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Ana gane ta da ƙofar fasinja mai zamewa da ke gefen hagu, da alamun walda a ƙarƙashin gaban mota. Ka bar ta komai arharta.

Injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, kuma wannan na da sakamako biyu. Duba baƙin mai sai an ɗaga kujerar mai zaman gaba, don haka mutane ke yin kasala su bar shi. Sannan idan hanyar sanyaya injin ta samu matsala, zafin na taruwa da sauri. A nan ne hanyar Jos ke tona asirin kowace mota. Daga Abuja ka bi Keffi da Akwanga a jihar Nasarawa, ka ratsa kudancin Kaduna ta Gwantu, sai ka iso Hawan Kibo, inda titi ke murɗawa yana hawa zuwa tudun Filato, kuma Jos na zaune a kan tsayin kimanin mita 1,200. Motar da ke yawo lafiya tsakanin Wuse da Gwarinpa tana iya tafasa a wannan hawan, galibi saboda ɗaya cikin uku: lagireto da ya toshe da tsatsa domin an daɗe ana zuba masa ruwan famfo zalla, murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, ko fanka mai rauni. Akwai kuma ɗabi'ar wasu bakanikai ta cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, su ce a ƙasar zafi ba a buƙatarsa. A mayar da shi. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a riƙe galan ɗaya a mota. In allurar zafin inji ta fara tashi a hawa, kashe na'urar sanyi, sauko giya, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, kuma kada kowa ya buɗe murfin sai injin ya huce.

Gangarowa ta fi hawan haɗari. Birkin baya na ganga ne, motar kuma na ɗauke da nauyi. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama zai ji ya yi laushi kafin ya kai ƙasa, domin man birki ya yi zafi. Ka sauko da giyar da ka hau da ita, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. Man birkin da ya haura shekara biyu a canza shi.

Taya kuma a tabbatar mai harafin C ce, wato 195R15C, wadda aka yi don ɗaukar kaya, ba tayar ƙaramar mota da ta yi daidai da rim ɗin ba. A gefenta akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna duba su, kuma shekara huɗu suke ƙirgawa a matsayin wa'adin taya. Safaya ma a duba iskarta, ita aka fi mantawa. Kariyar ɗora kaya a saman rufi kuwa ba shawara ba ce. Motar da ma doguwa ce, iska na kaɗa ta idan tirela ta wuce, kowane buhu da aka ɗora sama yana ƙara mata saurin kifewa a kwana. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su da igiya mai ƙugiya, don jarkar lita 25 da ba a ɗaure ba kilo 25 ce da za ta taso gaba in aka taka birki.

Abin da ke sa wannan gyara ya biya kuɗinsa shi ne firji. Ƙaramin firji mai aiki da wutar mota yana jan wajen wat 45 idan yana aiki, a zafinmu kuma yana iya shan kusan rabin batir mai 100Ah a yini da dare. Kada a haɗa shi da batirin tada mota, in ba haka ba da asuba sai turi. A sa batir na biyu, da na'urar da ke raba shi da na farko idan an kashe inji, da fiyus kusa da kan batir. Na litiyam ya fi tsada amma ana cin moriyar kusan duk cajinsa. Na ruwa rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe. Farantin sola mai wat 200 zai riƙe firji da fanka biyu da cajin waya idan an yada zango. Butar lantarki da dutsen guga kuwa a bar su gida, inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 1,000 ba za ta ɗauke su ba. Girki da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, a waje, ƙofar baya a ɗage tana ba da inuwa. Girki a cikin mota a rufe, ko barin inji a kunne da dare don sanyi, hanya ce ta shaƙar hayaƙin da ba shi da wari kuma yana kisa cikin barci.

Ruwa, jarka biyu sun ishi mutum shida yini guda da sha da alwala da ɗauraye kwano, a riƙa cikawa a kowane gari. Banɗaki babu; fo mai murfi saboda yara da buta biyu, manya kuma a tsara tsayawa a gidan mai ko masallaci a lokutan sallah.

To ina za a kwana? Nan ne mafarkin ke cin karo da ƙasa. A wannan hanya ba ka da filayen zango masu wuta da famfo da aka tanada don irin waɗannan motoci, kuma kwana a bakin titi ba abin da mai iyali zai gwada ba ne. Abin da ke yiwuwa shi ne harabar otal mai maigadi, a kama ɗaki ɗaya saboda wanka da mata da yara, samari su kwana a mota, ko kuma gidan 'yan uwa. Tafiya da rana kawai, a tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba, kuma a tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar, musamman tsakanin Akwanga da Riyom. Abuja zuwa Jos kusan kilomita 300 ne, yini guda kenan da yara, har da tsayawa a ruwan Assop. Wanda zai kwana a mota a Jos a Disamba ko Janairu ya ɗauki bargo na gaske, kuma ya bar taga biyu a ɗan buɗe da ragar sauro, in ba haka ba gilashi da katifa za su jiƙe da tururin numfashi.

Jos zuwa Bauchi ta Toro kimanin kilomita 130 ne. Daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar Yankari a Mainamaji, daga nan akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki. A cika tanki a Bauchi, a cire kuɗi a hannu, kada a dogara da layin waya. HiAce tayoyin baya ne ke turata, ba motar yashi ko laka ba ce, don haka zagayen kallon giwaye a bar wa motocin gandun da masu jagora. Ruwan ɗumin Wikki yana nan wajen digiri 31 rani da damina, yara ba sa son fita. Gwaggon biran wurin kuwa sun san mota mai abinci, kuma ƙofa mai zamewa da aka bari a buɗe minti biyu ta ishe su ɗauke burodi da leda. A rufe gilashi, a ci abinci a ciki.

Takardu su zama a jaka ɗaya kusa da direba, domin shingaye suna da yawa kuma bas ta fi ƙaramar mota jan ido: lasisi, takardun mota, inshora, shaidar lafiyar mota, da izinin 'yan sanda idan gilashin mai duhu ne, ga abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Yaran da ba su kai shekara 12 ba ba sa zama gaba. Katifar baya ta lokacin da aka tsaya ce. Mota na tafiya, kowa na kujera da bel, kuma kujerar da aka sauya wa wuri a ɗaure ta da kusoshi masu ratsa ƙarfen ƙasa da faranti a ƙarƙashi, ba ɗigon walda ba. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Iyalin da bai wuce mutum biyar ba kuma otal zai riƙa kwana, Sienna ta fi masa laushi da sauƙin mai. Homa na fara yin ma'ana daga mutum shida zuwa sama, ko inda akwai tsoho mai buƙatar miƙe ƙafa da maganin da sai an ajiye a firji. Wanda bai taɓa tuƙa ta ba ya ɗauki hayar guda na ƙarshen mako zuwa Jos kafin ya saya, ya ji yadda take a Hawan Kibo da kaya a bayanta.