Kayan hawan dutse da kwanan daji: abin saye, abin aro da abin bari a gida

Duk abin da ka saya saboda hawan dutse, bayanka ne zai ɗauke shi. Babu ɗan dako a saman Kufena, babu mai baro a tsakanin duwatsun Kagoro. Shi ya sa kafin ka tambayi mai kaya nawa ne, ka fara ɗaga abin ka ji nauyinsa. Ma'aunin da masu wannan harka suka saba bi shi ne kada jakarka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 65 ke nan ya tsaya a kilo 13. Ruwa kaɗai, kowace lita kilo guda ce. Ka zuba lita 4, saura kilo 9 na abinci, sutura, makwanci da sauran tarkace. Da wannan lissafin ake shiga kasuwa.

Sai kuma inda za ka da lokacin da za ka. Kufena da ke gefen Zariya hawan safiya ne, ka sauko ka ci abincin rana a Sabon Gari. Duwatsun Kajuru, inda wani Bajamushe ya gina gidan nan mai fasalin fadar sarakunan Turai a shekarun 1980, kimanin kilomita 45 ne daga cikin garin Kaduna. Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga suna can wajen Kafanchan, inda ruwan sama ya fi na Zariya yawa, kan tsaunin kuma akwai sanyin dare. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, abokan gabarka sanyin asuba da ƙura. Maris da Afrilu ƙishirwa ce. Da damina kuwa, musamman Agusta, santsi da sauro ne za su yi maka hukunci.

Akwai maganar da kowane ɗan Kaduna ya sani, ta tsaro, kuma ita ce ke yanke rabin jerin sayayyarka. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari na gwamnatin tarayya ne, amma shekarun nan sunan yankin ya fi fitowa a labaran 'yan bindiga. Sassan Kajuru, Chikun da Kachia ma sun sha fama da satar mutane. Kada ka dogara da labarin bara, ka tambayi mutanen wurin a makon da za ka tafi. Sau da yawa abin da hankali zai ɗauka shi ne a hau da rana, a kwana a gari, ko a filin da mai unguwa ya nuna a bakin ƙauye. In haka ne, kuɗin da ka ware wa tanti ka mayar da su kan takalmi.

Takalmi ne inda ba na son mutum ya yi rowa. Zaɓi uku ne a gabanka: but na hawan dutse mai rufe idon sawu, kambas na gudu, da takalmin robar nan na makiyaya. Kambas mai kyau ya isa Kufena a ranar rani, ba shi da nauyi, yana kuma kama busasshen dutse in dai zanen ƙasansa bai cinye ba. Matsalarsa ciyawa: ƙarangiya da ƙaya suna shiga, idon sawu kuma a buɗe yake. But ya fi nauyi da tsada, amma in za ka goya kilo goma ka ratsa ciyawa, shi ne maganin targaɗe, yana kuma rage haɗarin saran maciji, wanda galibi ƙafa yake samu. Takalmin roba kuwa, kar ka raina shi, Bafulatani yana wuni a daji da shi, ruwa ba ya ɓata shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ƙafar da ta saba da ofis ba ƙafar makiyayi ba ce, kafin azahar ta yi bororo. Wanda ba na ba kowa shawararsa shi ne takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki. Wurin gangara, yatsunka ne za su biya.

Sabon but na kirki yana da wuyar samu a Kaduna, yawancin na kanti kamanni ne kawai. Gwanjo ya fi, kuma Kasuwar Barci da ke Tudun Wada ce gidan gwanjo. Amma ka buɗe ido. Mai kaya zai miƙo maka wani fes, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan Landan ne, buɗewar yau, ko ƙasa bai taɓa takawa ba." To wannan ɗin shi ne abin tsoro. Irin soson robar da ake sa wa tsakanin tafin wasu takalman yana ruɓewa in ya daɗe a ajiye, musamman inda akwai laima. Daga waje lafiya lau, ka yi tafiyar awa biyu tafin ya ɓare ya bar ka da fata. Ka danna gefen tafin da farce da ƙarfi. In ya yi gari-gari, ko ya tsage, ko ka ji danƙo, ajiye masa abinsa. Ka lanƙwasa takalmin, ka murɗa shi, ka leƙa inda aka manne tafin. Wanda aka ɗan taka, ya nuna alamar an yi ta yawo da shi kwanan nan, ya fi mini wannan sabon-tsohon. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka sa a tafiyar, ka tabbata akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin. In ka saya, ka yi ta zuwa masallaci da kasuwa da shi na mako ɗaya ko biyu kafin ranar, ka kuma kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki.

Jaka ce ta biyu. Da lita ake auna cikinta: 20 zuwa 30 ta isa wuni guda, kwana ɗaya ko biyu yana son 45 zuwa 60. Abin da ya raba jakar hawan dutse da ta 'yan makaranta shi ne ɗamarar ƙugu mai kauri. In ka ɗaure ta daidai, nauyin ya sauka a kwankwaso, kafaɗa ta huta. Jakar kwamfuta ba ta da wannan, komai sunan kamfanin da aka rubuta a jikinta. Ka ja kowane zif sau da yawa, ka duba ɗinkin da ya riƙe hannayen, ka sa mai shago ya zuba mata kaya masu nauyi ka goya ka zagaya layin. Kada ka biya ƙari don an ce ruwa ba ya shigarta. Babbar leda mai kauri a cikin jakar, ka zuba kayanka ka ƙulle bakinta, ta gama wannan aikin.

Wani gargaɗi da ya shafi jaka, wando da hula gaba ɗaya: ka guji mai zanen kakin soja, komai arharsa. Doka ta hana farar hula sa shi, a shingen bincike za a tsare ka da tambayoyi, a ƙauye kuma wanda ya hango ka daga nesa bai san ko kai wane ne ba.

Sutura ba ta buƙatar kuɗi da yawa. Rigar ƙwallo ta gwanjo tana bushewa da wuri, ta fi ta auduga da ke shan gumi ta manne maka har sanyin magariba ya kama ka. Jins nauyi ne, in ya jiƙe kuma sai gobe. Dogon wando mara nauyi, safa biyu, malfa, rigar sanyi guda. Mata masu hawa sun fi samun sauƙi da wando mai faɗi a ƙarƙashin rigar da ba ta jan ƙasa, da hijabin da iska ba za ta naɗe shi a ƙaya ba. Da hunturu a ƙara man kaɗanya saboda leɓe da faso. Turare mai ƙarfi a bar shi a gida, akwai ƙudan zuma a kogunan duwatsu.

Ruwa yana da nasa lissafin. Jakar fiya wata mai ƙulli 20 lita 10 ce, wato kilo 10, ga ƙullin yana fashewa a cikin kaya, ga ledar da ake watsarwa a kan dutse har ta zama abin kunya. Gorunan roba masu lita ɗaya da rabi da ka riga ka sha ruwansu ba su da nauyi, kyauta ne, suna kuma shiga aljihun gefen jaka. Ka ƙiyasta aƙalla lita 3 na sha ga mutum ɗaya a wuni, da bazara fiye da haka. In za a kwana, ba za ka iya goya duk ruwan ba, dole ka gyara na wurin. Tafasawa ta minti guda ta wadatar amma tana cin makamashi. Maganin kulorin irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs ya fi sauƙi, ka bi ma'aunin da ke jikin kwalin, ka jira minti 30. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, to ka fara da shi in ruwan ya yi duhu, sannan ka bi da magani. Wanka a kududdufi ko bakin madatsar ruwa kuwa, hanyar kamuwa da tsargiya ce. Alwala ma tana cin ruwa, ka sa ta a lissafi, in ya yi ƙaranci shari'a ta yi sauƙi da taimama.

Yanzu makwanci. Da rani babu abin da tanti zai yi maka wanda gidan sauro mai magani, tampol ɗan madaidaici da igiya ba za su yi ba, kuma sun fi shi shan iska. Tampol da igiya akwai su a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, turakun ƙarfe kuma maƙeran Panteka za su lanƙwasa maka daga guntun rodi kana tsaye. Da damina ne tanti yake da rana. Nan ma iri biyu ne. Mai fata ɗaya, wanda ke buɗe kansa da ka warware shi, yana da arha, amma numfashinka zai taru a rufinsa ya ɗigo maka kafin asuba, ruwa mai iska kuma ba ya jin kunyarsa. Mai fata biyu, raga a ciki, rufin ruwa a waje, shi ne na gaske. Ka nemi lambar da ke nuna juriyarsa ga ruwa: 1500mm ita ce ƙasa, 3000mm ta fi dacewa da ruwan Agusta. In an rubuta na mutum biyu, ka ɗauka na mutum ɗaya ne da jakarsa. Amma tafiyar farko, ara ko ka haɗa kuɗi da abokai. An ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, sai dai gatarin da sau ɗaya a shekara ake sara da shi bai cancanci rabin albashi ba.

Sanyin dare daga ƙasa yake shigowa fiye da sama, shi ya sa shimfiɗar soso ta fi ƙarin bargo amfani. Mai hurawa ta fi laushi, amma ƙaya ɗaya ta gama da ita. Jakar barci ta ƙasashen ƙanƙara da za ka gani a gwanjo ta yi mana kauri, siririya ta isa ko da a Janairu.

Girki kuwa, ka tambayi kanka ko dole ne. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, gyaɗa, garin kwaki da sukari: guzurin da fatake suka ratsa ƙasa da irinsa, ba ya lalacewa, ba ya son wuta. Abin da zai sa ka kunna wuta shayin asuba ne da Indomie. Silindar gas mai kilo 3 ta yi in mota za ta kai ku har wurin kwana, ba ta goyo ba ce. Risho yana zubar da kananzir a kan abinci. Wutar itace kyauta ce, amma da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar da ba a gama girbewa ba, dare kuma yana nuna wa na nesa inda kuke. In za ku hura, a kan fili tsakanin duwatsu, a kashe da ruwa kafin a kwanta.

Fitilar goshi ta fi tocila, hannayenka biyu suna sake, ta kuma fi hasken waya da ke cinye caji. Mai batir irin AAA ta fi mai caji a daji, domin canji kawai za ka yi. Na'urar ajiye caji mai 10,000mAh ta isa kwana ɗaya, amma ka sani abin da ke isa wayarka bai kai abin da aka rubuta ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, wadda kuma ka ji ta sakayau alhali an rubuta 50,000 ƙarya ce. A cikin tawaga a samu layukan waya daban-daban, inda MTN ta ɗauke wataƙila Airtel tana nan.

Kayan agaji ɗan ƙulli ne daga kemis: filasta, bandeji, aidin, farasitamol, ƙullin ORS na gishiri da sukari, da maganin da ka saba sha in kana da asma ko ciwon suga. Abin da ba ya sayuwa shi ne sanin yadda za a yi da saran maciji. Kububuwa ce ta fi yi wa mutane illa a wannan yanki namu, ga kasa da gamsheƙa. Ba a ɗaure ƙafa tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti, don haka tun kafin a tashi a san asibitin da ya fi kusa da wanda zai tuƙa. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa saboda kunama.

Kuɗin da ya fi kowanne amfani a tafiyar shi ne na ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, wanda mai unguwa ya haɗa ku da shi. Ya san inda ruwa yake, ya san hanyar da ba a bi, ya san wuraren da mutanen garin ba sa son baƙo ya taka. Ku yi ciniki da shi tun a ƙasa, kuma ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, domin mai POS na ƙarshe yana can bakin titi.